Waɗanne 'Ya'yan Kifi Ne Suka Rage a Cikin Ciyawar Teku?

Duk shekara, tsakanin Satumba da Oktoba, wani jirgin bincike yakan tashi daga tashar Flødevigen, kusa da garin Arendal a kudancin Norwe, ya bi gaɓar tekun Skagerrak lungu-lungu. A kowane lungu sai mutane su sauka cikin ƙaramin kwale-kwale, su zuba taru mai tsawon kusan mita 40 ya lanƙwashe kamar jinjirin wata, sannan su koma bakin gaɓa su riƙa jawo igiyoyinsa biyu sannu a hankali. Abin da ke fitowa a aljihun tarun ba na kasuwa ba ne. 'Ya'yan kifi ne, daga masu tsawon yatsa zuwa masu tsawon tafin hannu, suna wutsil-wutsil a tsakanin tsinkakkun ganyen ciyawa da ƙananan ƙaguwa. A ware su jinsi-jinsi, a ƙirga, a auna, a rubuta. Gobe a tafi lungu na gaba.

Masanin kifi Alf Dannevig ne ya kafa wannan tsari a 1919. In ban da shekarun Yaƙin Duniya na Biyu da aikin ya tsuke, ba a fasa ba har yau: irin tarun nan, a wuraren nan, a watannin nan. Wanda ya ga mutanen nan suna fama da jiƙaƙƙiyar igiya a cikin sanyin kaka ba zai ce wani babban aiki suke yi ba. Amma ni a ganina, duk wanda ke son sanin abin da ke faruwa da kifin teku, gara ya fara da littattafansu kafin ya je ga alƙaluman manyan jiragen kamun kifi. Kifin da aka kama aka sayar labarin jiya yake bayarwa. Ɗan kifin da ke ɓuya a cikin ciyawa kuwa, shi ne kamun shekara uku ko biyar masu zuwa.

Bari mu fara da ita kanta ciyawar, domin ana yawan haɗa ta da gansakukar teku, alhali ba danginsu ɗaya ba. Ciyawar teku tsiro ce sosai, mai saiwa da jijiya da fure da iri. Kakanninta a tudu suke, suka koma cikin ruwan gishiri kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce. Nau'o'inta a duniya ba su wuce 70 da 'yan kai ba, amma tana kewaye da gaɓar kowace nahiya in ban da Antatika. Tana rarrafe ne a ƙarƙashin yashi kamar kiri-kiri, tana fitar da ganye sama, har ta shimfiɗa fili mai faɗin gaske a ruwa marar zurfi. Babban rauninta shi ne haske. Tana buƙatar aƙalla kashi ɗaya cikin goma na hasken ranar da ya sauka a fuskar ruwa, wasu nau'o'in ma har ninkin haka, yayin da gansakuka ke iya rayuwa da abin da bai kai rabin rabin wannan ba. A riƙe wannan magana, domin kusan duk wata masifar da ke faɗa wa ciyawar teku ta ƙofar haske take shigowa.

Me ɗan kifi ke nema a cikinta? Mafaka da abinci. A kan farin yashi, kifi mai tsawon santimita uku ba shi da wurin ɓuya, loma ɗaya ce ga duk wanda ya fi shi baki. A cikin ciyawa kuwa, babban kifi ba ya iya hango shi daga nesa, kuma ganye na tare masa gudu. Sannan kowane ganye ɗaya tamkar akushi ne: ƙananan gansakuka na manne a jikinsa, wasu 'yan mitsi-mitsin halittu dangin jatan lande da ƙananan katantanwa na kiwo a kan gansakukar, ɗan kifi kuma na tsince su. Ganyen na rage ƙarfin igiyar ruwa, laka ta kwanta, ruwa ya yi garau. Wani nazari da Richard Unsworth da abokan aikinsa suka fitar ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin biyar na manyan kamun kifi 25 na duniya sun dogara da ciyawar teku wajen renon 'ya'yansu.

Kifaye da yawa baƙi ne a wurin, ba 'yan gida ba. Ɗauki wani nau'in gurufa, babban kifin teku mai tsada, da ake kira gag, a Mashigin Tekun Meziko. Iyayen suna zuba ƙwai can nesa a ruwa mai zurfi. 'Ya'yan su yi wata ɗaya da rabi ko biyu suna yawo a saman teku, ruwa na kai su inda ya ga dama, kafin su sauka cikin ciyawar gaɓa da bazara. Su yi watanni suna ci suna girma, da kaka ta yi su fice zuwa duwatsun ƙarƙashin teku, ba kuma za su sake komawa ba. Zaman 'yan watanni ne, amma wanda bai samu wannan masauki ba da wuya ya ga shekararsa ta biyu.

To, me ya sa sai an yi shekaru masu yawa ana ƙirge kafin a ce wani abu? Saboda babu abin da ya kai yawan 'ya'yan kifi rawar kai. Macen kod ɗaya, wato babban kifin ruwan sanyi da masunta ke kamawa don kasuwa, tana iya zuba ƙwai miliyoyi, kusan dukkansu kuma mutuwa suke yi a makonnin farko. In aka samu ɗan bambanci ƙanƙani a yawan masu tsira, saboda iska ta kaɗa ta wata fuskar ko abinci ya zo a kan kari, sai shekarar ta ninka ta bara sau goma. Masanin Norwe Johan Hjort ne ya fito da wannan fili a 1914, lokacin da ya nuna cewa kifin herin da aka ƙyanƙyashe a shekara ɗaya tak, 1904, shi ya mamaye kamun masunta har tsawon shekaru masu yawa bayan haka. Kafin shi, ana ɗauka cewa in kifi ya yi ƙaranci, ƙaura ya yi zuwa wani wuri. Hjort ya nuna cewa sau da yawa ba a haife shi ba ne, ko kuma ya mutu yana jariri.

Ita kanta tashar Flødevigen da wata manufa aka gina ta. Gunder Dannevig, mahaifin Alf, ya kafa ta a 1882 don ƙyanƙyasar ƙwan kod da sakin jariransa miliyoyi cikin teku, da fatan a ƙara wa masunta kamu. An ci gaba da sakin har 1971. Jan tarun ya samo asali ne daga gardamar ko sakin na da amfani, kuma da aka tara alƙaluman shekaru ba a ga wani tasiri mai ɗorewa ba. Abin da aka fara don raba gardama shi ne ya fi gardamar daɗewa, ya kuma fi ta amfani.

Ga wani misali na kusa da ke nuna yadda shekara ɗaya ke iya ruɗar mutum. A 2010 rijiyar man Deepwater Horizon ta fashe, ɗanyen mai ya yi wata uku yana kwarara cikin Mashigin Tekun Meziko, daidai lokacin da kifaye da yawa ke zuba ƙwai. Kowa ya zaci 'ya'yan wannan shekara sun halaka. Amma masana Joel Fodrie da Kenneth Heck sun riga sun yi shekara huɗu suna jan raga a ciyawar yankin kafin hatsarin, don haka suna da abin gwadawa. Da suka ja a 2010, sai suka tarar 'ya'yan kifin sun fi na shekarun baya yawa. Wannan bai wanke ɗanyen mai ba, illarsa ta bayyana a wasu wurare da wasu halittu. Ɗaya daga cikin bayanan da aka kawo shi ne, an rufe kamun kifi a yanki mai faɗi saboda malalar, iyaye da yawa suka tsira suka hayayyafa. Da ba a da ƙirgen shekarun baya, da kowa ya faɗi abin da ransa ke so, babu mai iya ƙaryata shi.

Idan aka tara dogayen ƙirge-ƙirgen nan aka duba, sauyin da ya fi saurin ganewa shi ne na wuraren da ciyawar ta ɓace ɗungurungum. A farkon shekarun 1930 wata cuta da wata 'yar halitta mai suna Labyrinthula ke haddasawa ta bi gaɓar Arewacin Atilantika, ɓangaren Turai da na Amurka, ta kashe kusan kashi 90 cikin 100 na ciyawar da ake kira Zostera marina. Wata ƙaramar katantanwa da ba ta rayuwa sai a kan wannan ganye ta ƙare daga Atilantika baki ɗaya. Wancan annoba ce ta lokaci guda. Ta yanzu a hankali take ci. A 2009 Michelle Waycott da tawagarta suka haɗa bayanan wurare fiye da 200, suka gano cewa an rasa kashi 29 cikin 100 na filayen da aka taɓa aunawa tun 1879, kuma saurin asarar ya tashi daga ƙasa da kashi 1 a shekara kafin 1940 zuwa kashi 7 a shekara bayan 1990. Sanadin ba ɓoyayye ba ne: takin zamani da ruwan masai da ke gangarowa daga tudu, laka daga ƙasar da aka sare wa itatuwa, yasar tashoshin jiragen ruwa, cike gaɓa don gini, anga da farfelar jirage masu yanka ciyawa kamar lauje.

Abin da wannan ke yi wa kifi an auna shi. A gaɓar yammacin Suwidin, inda kusan kashi 60 cikin 100 na ciyawar ya tafi tsakanin shekarun 1980 da 2000, Leif Pihl da abokansa sun gwada wuraren da ciyawa ta rage da waɗanda ta ɓace. 'Ya'yan kod sun ragu da kashi 96 cikin 100 a inda babu ciyawa. A mashigin Placentia na Newfoundland a Kanada kuwa, wata baƙuwar ƙaguwa ce daga Turai ta bayyana a 2007, tana tono tana tumɓuke ciyawa, kuma a wuraren da ta cinye kifi ya ragu kusan ninki goma. Wannan yanki ne da aka taɓa rufe kamun kod a farkon shekarun 1990 saboda rugujewarsa, ga shi kuma ana rushe masa ɗakin reno.

Labarin Suwidin ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne aka gane cewa kibiyar ba ta fuska ɗaya take tafiya ba. Mun saba cewa ciyawa ce ke renon kifi. Ashe kifin ma yana renon ciyawa.

Ga yadda abin yake. An yi shekaru ana kwasar manyan kod a tekun Skagerrak da Kattegat har suka ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Da ma su ne ke cin ƙananan kifaye irin su gobi da wani ɗan kifi mai ƙaya uku a gadon baya. Da babu mai cin su, sai suka yi ta yaɗuwa. Susanne Baden da abokan aikinta sun gwada bayanan shekarun 1980 da na shekarun 2000, suka ga ƙananan kifayen nan sun ninka kusan sau goma a lokacin zafi. Su kuma abincinsu shi ne 'yan mitsi-mitsin halittun nan masu kiwo a kan ganye, waɗanda aikinsu shi ne share gansakuka daga jikin ciyawa. Ƙananan kifayen suka cinye masu sharar kusan ƙarƙaf. A daidai wannan lokaci kuma sinadarin naitirojin daga gonaki da birane na kwarara cikin ruwan, yana ciyar da gansakuka. Ga taki, babu mai kiwo. Sai wata gansakuka mai kama da zare ta taso ta lulluɓe ciyawar kamar bargo, ta tare mata rana, in ta ruɓe kuma ta shanye iskar da ke ruwan. Ciyawa ta mutu. 'Ya'yan kod suka rasa wurin girma, manyan kod suka ƙara ƙaranci, ƙananan kifaye suka ƙara samun sarari. Gwaje-gwajen da Per-Olav Moksnes ya yi da keji a cikin ruwa sun tabbatar da wannan sarƙa: inda aka kare masu kiwon daga ƙananan kifaye, gansakukar ba ta samu damar mamayewa ba ko da an ƙara taki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wannan labari shi ne, mai jan taru da ke ƙirga yawan kifi kawai zai iya komawa gida da murna. Tarunsa cike yake, wataƙila ma ya fi na da nauyi. Sai ya zauna ya ware su ne zai ga cewa waɗanda za su girma su ciyar da mutane sun tafi, an bar waɗanda iyakar girmansu ke nan. Kuma komawa baya ba sauƙi. In ciyawa ta tafi, babu abin da ke riƙe laka, kowace iska sai ta dama ruwan, hasken da sabon tsiro ke buƙata ba ya kaiwa ƙasa. A wasu lungunan Suwidin an dasa ciyawa ta ƙi kamawa saboda wannan dalili, ko da yake an rage ƙazantar da ta kashe ta tun farko.

Akwai kuma sauyin da ke faruwa alhali ciyawar na nan kore shar, babu abin da ya taɓa ta. Wannan na ɗumamar ruwa ne.

A shekarun 1970 wani masani, Robert Livingston, ya yi ta jan raga a ciyawar arewacin Mashigin Tekun Meziko yana rubuta abin da ya samu. A 2006 da 2007 Fodrie da abokansa suka ja raga a ciyawar yankin suka gwada da tsofaffin bayanan. Suka tarar da kifayen ƙasashe masu zafi da babu ko ɗaya a lissafin da: jan gurufa, wani sinafa mai rawayan wutsiya, wasu nau'o'in kifin aku, da sauransu. Waɗanda da ma akwai su jefi-jefi kuma sun yi tashin gwauron zabi: 'ya'yan gag sun ninka kusan sau 200, sinafa mai ruwan toka kusan sau 105, wani koren kifin aku kusan sau 22. A tsakanin lokutan biyu zafin yankin ya ƙaru sosai, kuma sanyin hunturu da ke kashe baƙin kifaye daga kudu ya yi sauƙi. Wani zai ce ai wannan ƙaruwa ce, gurufa da sinafa kifaye ne masu tsada. Gaskiya ne, ba kowane sauyi ne asara ga kowa ba. Sai dai kifin aku ganyen ciyawar kansa yake ci. Filin da ya saba da 'yan haya masu share shi yanzu yana karɓar masu cin sa, kuma gajeriyar ciyawar da aka kiwace ba ta ɓoye ɗan kifi kamar doguwa. An ga ƙarshen irin wannan hanya a gabashin Bahar Rum, inda kifin zomo ya shigo daga Bahar Maliya ta Mashigin Suwez, ruwa mai ɗumi ya karɓe shi, ya cinye dazuzzukan gansakuka a gaɓar Turkiyya ya bar duwatsu tsirara.

Littattafan Flødevigen ma haka suke faɗi, daga can arewa. Da aka bi bayanan kusan shekara 80, an ga cewa tun daga shekarun 1990 'ya'yan kifayen ruwan sanyi, irin su kod da danginsa, suna ja da baya, yayin da na ruwan ɗumi irin su sadin da ancobi ke bayyana. Wani abu da ba a iya ganinsa sai da dogon ƙirge shi ne, an taɓa yin wani lokacin ɗumi a shekarun 1930 zuwa 1940, don haka ana iya gwada na yanzu da na da. Kuma ba su zo ɗaya ba. Haɗin kifayen da ke gaɓar a yau sabo ne, babu irinsa a duk tsawon littattafan.

Wani lokaci zafin ba ya bi a hankali. A ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 ruwan mashigin Shark Bay a yammacin Ostireliya ya ɗara yadda ya saba da digiri 2 zuwa 4 na tsawon makonni. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ciyawar wurin ya lalace, kuma wannan na cikin filaye mafi girma a duniya. Aka rufe kamun ƙaguwa da na sikalof, wata halitta mai ƙumba biyu, na dogon lokaci. Nau'in ciyawar da ya fi mutuwa dogo ne mai duhu, wanda ya fara maye gurbinsa kuma gajere ne mai saurin tsiro. Haka a mashigin Chesapeake na Amurka, zafin 2005 da na 2010 ya ƙone Zostera, wata ciyawar mai jure zafi tana karɓe wurin, amma ita shekara guda ta bunƙasa, shekara guda ta ɓace. A hoton da aka ɗauka daga jirgin sama duka kore ne. Ga ɗan kifin da ya iso da bazara yana neman mafaka, ba abu ɗaya ba ne.

Dole a yi adalci a nan, domin masu son ciyawar teku wani lokaci sukan zarce. Ganin 'ya'yan kifi da yawa a wuri bai isa hujjar cewa wurin ne ke samar da manyan kifin gobe ba. A 2001 Michael Beck da wasu masana suka tsaurara ma'anar wurin reno: sai an nuna cewa kowace hekta ta wurin tana aika kifi zuwa cikin manya fiye da sauran wurare, wato suna da yawa, suna girma, suna tsira, kuma suna isa inda manya suke. Da aka bi nazarce-nazarce da wannan ma'auni, an ga ciyawa ta fi farin yashi nesa ba kusa ba, amma ba kullum ta fi tarin kawa (wata halittar teku mai ƙumba) ko dajin gansakuka ko saiwoyin itatuwan gaɓa ba. Abin da ɗan kifi ke so shi ne wurin kutsawa. Wasu nau'o'in suna iya komawa wata mafakar in ciyawa ta tafi, wasu ba sa iyawa.

Hanyar gane inda babban kifi ya yi ƙuruciya abin sha'awa ce. A cikin kan kowane kifi mai ƙashi akwai 'yan tsakuwoyin kunne, farare, wasu ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Kullum sai wani siririn zobe ya ƙaru a jikinsu. In aka goge tsakuwar aka sa ta a madubin ƙara girma, ana iya ƙirga kwanakin ɗan kifi ɗaya bayan ɗaya, a ga makon da ya ƙoshi, zoben ya yi faɗi, da makon da ya sha yunwa, zoben ya tsuke. Kowane zobe kuma yana ɗauke da sinadaran ruwan da kifin ke ciki a ranar. Don haka kifin da aka kama a tsakiyar teku yana ɗauke da shaidar gaɓar da ta rene shi a cikin kansa.

Akwai wata matsala da na'ura ba ta magancewa. Yawancin ƙirge-ƙirgen da ake da su an fara su ne a shekarun 1970 ko bayan haka, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. Masanin kamun kifi Daniel Pauly ya yi wannan gargaɗi a 1995: kowane zamani yana ɗaukar abin da ya tarar a ƙuruciyarsa a matsayin daidai, ya riƙa auna asara daga nan. Sannan dogayen bayanan kusan duk na Turai ne da Arewacin Amurka da Ostireliya, alhali ciyawar da ta fi yawan nau'o'i, kuma ta fi ciyar da mutane kai tsaye, tana kudu maso gabashin Asiya da gabashin Afirka da tsibiran Fasifik. Aikin jan taru kowace shekara ba ya kawo suna, ba ya fitar da sakamako a wa'adin tallafin shekara uku, shi ya sa in kuɗi ya yi ƙaranci shi ake fara yankewa. Wannan kuskure ne babba. Shekarar da ba a ja taru ba ta tafi ke nan, babu kuɗin da zai dawo da ita.

Ko ciyawa na dawowa? Tana dawowa, in an gyara ruwan. A mashigin Tampa na jihar Fulorida a Amurka ta faɗo daga kimanin eka 40,000 a 1950 zuwa ƙasa da 22,000 a 1982. Aka tilasta tace ruwan masai, aka rage naitirojin ƙwarai, ruwa ya washe, ciyawa ta dawo da kanta har ta haura eka 40,000 a 2014. Amma bayan 2016 ta sake raguwa da dubban eka, abin da ke nuna cewa gyaran ba na yi-ka-huta ba ne.

A gaɓar jihar Bajiniya ta Amurka kuwa, cutar shekarun 1930 da guguwar 1933 sun share ciyawar tas, kamun sikalof ya mutu tare da ita. Kusan shekara 70 lungunan suna nan fayau, ruwan mai tsabta ne amma babu iri. Robert Orth da abokan aikinsa suka fara tara iri suna watsawa daga jirgi tun wajen 1999. Fiye da ƙwaya miliyan 70 aka watsa, ciyawar ta kama ta ci gaba da yaɗuwa da kanta har ta rufe kimanin hekta 3,600. Ƙananan halittu masu kiwo da 'ya'yan kifi ba su jira gayyata ba, cikin 'yan shekaru suka cika wurin. Sikalof kuwa sai da aka kawo shi da hannu daga wani wuri, kuma har yanzu bai koma yawan da za a buɗe kamunsa kamar da ba. A lokacin zafi na 2015 ruwan ɗaya daga cikin lungunan ya ɗumama fiye da kima, tsakiyar filin ya zube kusan baki ɗaya, sai da aka yi shekara biyu zuwa huɗu kafin ya sake cika.